Ranar da Aka Tambayi Lovina

"Ja shi baya, na ce!" Mam Drusilla, mahaifiyar Lovina, ta daka tsawa tun daga ƙofar kicin, ko mayafinta ba ta cire ba. "Ni za ki yi wa wayo, Lovina? Kin haɗa tebur biyu kin rufe su da ƙyalle ɗaya, a ganinki Allah ba ya leƙa ƙarƙashin ƙyalle?"

Lovina ta tsaya da kwanon soyayyen dankali a hannu. "Mam, ai akwai tazara a tsakani. Yatsa biyu. Haka gidan su Renno suka yi lokacin da ɗansu..."

"Gidan su Renno ubansu dikon ne?"

Tsohuwar ta fizge ƙyallen, ta ja ƙaramin teburin ƙiii har jikin akwatin itacen wuta, inda kare yake kwanciya in sanyi ya yi tsanani. Daidai nan Enos ya shigo daga tatsar shanu. Ya dubi teburin, ya dubi surukarsa, ya rataye hularsa.

"Barka da asuba, Mam. Kai, an yi mini gata, ni kaɗai kusa da murhu!"

Babu wanda ya yi dariya. Lovina ta zuba masa abinci ta ajiye a gabansa, ta koma babban teburin da shi da kansa ya ƙera mata kafin aurensu. Tana jin ƙarar cokalinsa a bayanta.

Mako uku ke nan da ikilisiya ta ƙaurace wa Enos Petersheim. A wurinmu wanda aka ƙaurace wa ba a cin abinci tebur ɗaya da shi, ba a karɓar komai daga hannunsa, ba a shiga keken dokin da yake tuƙi, matarsa kuma ta raba ɗaki da shi. An ce magani ne mai ɗaci don a dawo da ɓataccen ɗan'uwa. To, haka ne. Amma na ga masu ba da maganin nan suna lasar baki, kuma iyayen Lovina suna cikinsu.

Ga abin da ya jawo. Lokacin yankan masara, Lovina na da ciki wata takwas, ta yanke jiki ta faɗi a lambu, jini ya ɓalle mata. Ungozoma tana mil goma sha biyu. Enos ya ruga gidan maƙwabcinsu tsoho Harlan, ɗan Ingilishi, yadda muke kiran duk wanda ba namu ba. Ƙafar Harlan na cikin ɗori. Ya buga waya, aka ce motar asibiti sai nan da minti arba'in. Sai ya jefa wa Enos makullin a-kori-kurarsa. A wurinmu haramun ne mai baftisma ya tuƙa mota. Enos kuwa ya iya tuƙi tun yana saurayi, kafin ya yi baftisma, har lasin ɗinsa bai ƙona ba kamar yadda ya yi alkawari, yana ɓoye a akwatin kayan kafinta. Likita ya ce da an ƙara kwatan awa ɗaya da uwa da 'ya an rasa. Aka sa wa jaririyar suna Arie.

Bishop Mose Swarey, tsoho mai sanyin hali, ya so a rufe maganar da ɗan gargaɗi. Amma mahaifin Lovina, Ammon Kanagy, shi ne dikon, mai kula da bin dokar ikilisiya, kuma tun farko bai so auren ba, domin yayar Enos ta bar mu ta koma gari. Ya kafe sai Enos ya durƙusa gaban jama'a ya ce, "Na yi nadamar tuƙa mota ran nan."

Enos ya miƙe a taron ya ce, "Lasin da na ɓoye laifi ne, zan durƙusa a kansa yanzu. Amma in ce na yi nadamar ranar? Ga su can zaune, uwa da 'ya. Wacce zan yi nadama a cikinsu?"

Aka fitar da shi waje. Ba a ƙaurace wa mutum sai kowane mai baftisma ya amince, mace da namiji. Masu wa'azi suka bi bencin maza, dikon ya bi na mata, yana sunkuyawa kan kowace yana tambaya. Ranar ce Lovina ta fara fita bayan haihuwa, jiri bai gama sakinta ba. Ta ga takalman ubanta sun tsaya a gabanta. Ta ji farcen uwarta ya nutse a cinyarta ta cikin riga. Tunda take ba ta taɓa ce wa Dat, mahaifinta, a'a ba.

"Na yarda," ta ce, da muryar da ita ma da ƙyar ta ji.

Enos bai tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Mam ta kwaso kayanta ta tare a gidan, wai don ta taya renon jego, alhali gadi ta zo yi.

Ranar da asiri ya tonu, Talata ce da hantsi. Lovina na murɗa injin matse wanki, Arie ta tsala kuka a shimfiɗarta. Enos ya riga kowa, ya ɗauke ta yana jijjigawa, ya nufo matarsa. "Ungo, yunwa take ji."

Lovina ta goge hannu ta miƙa.

"Kul!" Mam ta taso. "Ajiye ta a tebur, ta ɗauka daga nan!"

"Haba Mam, jaririya ce fa, ba buhun gari ba."

"Daga hannunka take fitowa ko ba daga hannunka ba?"

Yarinyar ta shiɗe da kuka har fuskarta ta yi ja. Enos ya kwantar da ita a kan katakon tebur mai sanyi, ya ja da baya. Lovina ta sure ta, hawaye na zuba kan farar hular jaririyar.

"Ba komai, Lovina," ya ce a hankali. "Ku yi duk yadda za ku yi, Mam. Ni dai na san a gidan nan akwai mutum ɗaya da bai sa baki a kaina ba."

Mam ta sheƙe da dariya. "Wa? Wannan? Tambaye ta mana! Ina gefenta. Ko sau biyu ba a tambaye ta ba."

Enos ya juyo. "Na ɗauka an tsallake ki. Na ɗauka ko don jegon da kike... Lovina, an tambaye ki?"

"Enos, ka tsaya ka ji, Dat ne ya..."

"Me kika ce?"

Ta ƙara ƙanƙame jaririyar.

"Me kika ce, Lovina?"

"Na ce... na yarda."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya gama aikin ranar tsaf, ya gyara wa dawakai shimfiɗa, ya faskara itacen da zai kai ta ƙarshen hunturu. Washegari da rana ya ɗauki akwatin kayan aikinsa. A bakin ƙofa ya ce, "Teburin kare na jure, kwanan ɗakin ajiya na jure, don ina cewa tare muke. Ashe ni kaɗai ne." Ya bi titi da ƙafa, dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Hunturun nan Lovina ta sha wuya. Dat ya sa ƙannenta maza suka karɓi gonar, ya tara su ya ce, "Daga yau kada in ji sunansa. Ku ɗauka ya mutu." Sai dai wadda mijinta ya mutu ana yi mata ta'aziyya, wata rana ma ta sake aure. A wurinmu babu saki. Muddin Enos na numfashi, haka za ta tsufa tana 'yar shekara ashirin da uku, ba bazawara ba, ba matar aure ba. In an je ɗinkin bargo mata su yi shiru in ta shigo. Mam kuwa kullum da sabon karatu.

"Da kin ji maganarmu da yanzu kina gidan Gideon Zook, mai shanu arba'in. Kika ce ke sai kafinta mai dariya. To ga dariyar nan."

"Mam, shi ya ceci raina."

"Allah ya ceci ranki! Yanzu haka ya aske gemu yana yawo da 'yan mata masu wando."

Wannan ce maganar da ta fi cin ta. Namijinmu yana barin gemu ranar aurensa, ba ya kuma aske shi har kabari. Shi ne zoben aurenmu. Lovina ta yi haƙuri, ta yi wanki, ta yi burodi, ba ta mayar wa uwarta ko kalma ɗaya ba. Amma gemun nan ya hana ta sakat.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, lokacin awon Arie a asibiti ya yi. Ta ɗauki direban haya, daga asibiti ta ce ya kai ta gidan Verna, yayar Enos, inda take zaton ya sauka. Verna ta fita tun kafin baftisma, saboda haka babu ƙauracewa a kanta. Ta buɗe ƙofa da waya a kunne, gashi a yanke, talabijin na ta surutu babu mai kallo.

"Lovina! Oh mai God, shigo! Sori, gidan a hargitse yake, yanzu na dawo daga shiftin safe, ƙarfe uku in koma wani." Ta zare abinci daga firij ta cusa a na'urar ɗumama. "Zauna ki ci. Nan ba mai auna miki tebur da yatsa."

"Ina yaran?"

"Suna gidan reno. Ubansu kuma yana can da sabuwar madam, sai ƙarshen mako yake ganinsu." Ta zauna ta tsura mata ido. "Ki fito kawai, Lovina. Siriyos. Kin ga ni? Motata, albashina, ba bishop ba dikon. In na ga dama in sa jar riga. Ba wanda zai ƙaurace miki."

"Ba kya kewa?"

Verna ta yi 'yar dariya. "Wa zai ƙaurace miki, wa ya san ki ma? Tsohuwar da ke ƙofar can ta mutu bara, sai da ta kwana tara aka sani. Ni da nake jikin bangonta ko sunanta ban sani ba." Ta share ido da bayan hannu. "Amma duk da haka ba zan koma ba. Gara kaɗaici da a ce in ajiye ɗana a tebur."

Ƙofa ta buɗe. Enos ne, da kayan aikin gini, ya rame har wuya ya fito. Idon Lovina bai tsaya ko'ina ba sai haɓarsa. Gemun na nan, har ya ƙara tsawo.

Verna ta ce, "Ai kullum a wurin aiki sai sun tsokane shi, wai Baba Bunsuru. Reza uku na saya masa, suna nan a leda."

Enos ya tsaya yana kallon 'yarsa, wadda ta maƙale a jikin uwarta don ba ta san shi ba. "Ta yi girma," ya ce. "Kin zo ne ki zauna?"

"A'a. Na durƙusa na yi wa Allah alkawari a cikin mutanena, ba zan karya ba. Na zo in ce ka dawo."

"In dawo in ce na yi nadamar ranki?"

"A'a."

"To in dawo wurin wa? Mutum ɗari da biyu suka ce sun yarda, ban ji zafin ko ɗaya ba sai naki. Nan ba daɗi, Lovina. Ina cin abinci a tsaye, ba wanda na sani. Amma nan ba wanda ya taɓa cewa yana sona balle ya sayar da ni."

Ta so ta ce farcen Mam, ta so ta ce jiri. Ta ga duk ba su isa ba. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Ta ɗauki 'yarta ta koma mota tana kuka, har direban ya rage rediyo.

Sau biyu a shekara, kafin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi na ibada, muna zaman shawara. Ana tambayar kowa ko yana da salama da Allah da ikilisiya, ko ya yarda da yadda abubuwa suke. In mutum ɗaya ya ce a'a, ba a cin jibin sai an gyara. Na shekara sittin ina zama kan bencin nan, ban taɓa jin mace ta ce a'a ba sai ranar.

A babban rumbun katako na gidan su Zook aka yi zaman, don mu ba mu da ginin majami'a. Ƙamshin miyar wake da madara na shigowa daga kicin, yara an fitar da su. Takalman Dat suka tsaya a gaban Lovina. Farcen Mam ya nemi wurinsa. Lovina ta kama hannun uwarta ta ajiye mata a cinyarta, ta miƙe tsaye.

"Ba ni da salama, Dat."



"Zauna," ya ce ta cikin haƙora.

Ba ta zauna ba. Ta taka har gaban bishop ta zube kan gwiwoyinta. "Ina da zunubin da zan furta. Ranar da aka tambaye ni a kan mijina na ce na yarda. Ƙarya na yi, gaban Allah da gabanku. Ban yarda ba ran nan, ban yarda ba yau. Tsoron iyayena ya fi mini tsoron Allah. Na bi dokar duka, ban ci da shi ba, ban karɓi ko 'yata daga hannunsa ba. Ku hukunta ni a kan ƙaryar, na amince."

"Wayyo ni Drusilla, na haifi abin kunya!" Mam ta ɗora hannu a ka.

Dat ya ce, "Mose, kuri'ar ta riga ta wuce! Ba a dawo da ita don kukan mace!"

Bishop Mose ya daɗe yana shafa farin gemunsa. Sannan ya ce, "Ammon, in murya ɗaya ƙarya ce, to ba mu taɓa zama baki ɗaya ba. Mun ƙaurace wa mutum wata biyar a kan yardar da babu ita." Ya ɗaga kai ya dubi benci-benci. "Akwai wani kuma da bakinsa ya ce i, zuciyarsa ta ce a'a?"

Can sai ungozoma ta miƙe. Sai tsoho Renno. Sai Gideon Zook da kansa, mai shanu arba'in. Kafin a ankara mutum goma sha tara suna tsaye, kowa kansa a ƙasa don kunya.

Bishop da kansa ya ɗauki direba ya je gari wurin Enos. Bayan mako biyu Enos ya durƙusa gaban jama'a a kan lasin da ya ɓoye, ya jefa shi a murhu, ba wanda ya ƙara ce masa ya yi nadamar wani abu. Bishop ya kama hannunsa ya tashe shi. Lovina ma an ba ta nata hukuncin, Lahadi uku tana zama a bencin gaba kowa na kallonta, ta yi shi da farin ciki.

Kada ku ɗauka shi ke nan an sha biki. Ammon Kanagy ba mutumin da ake kayarwa gaban jama'a ba ne. Ya ce ikilisiyar ta lalace, ya sayar da gonarsa, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa bakwai zuwa wata unguwar irin namu masu tsananin doka a can arewacin New York. Ranar tafiya Lovina ta je da Arie a kafaɗa.

"Dat, ku yafe mini. Mam, ko ki ɗauki jikarki sau ɗaya."

Dat ya dubi saman kanta ya ce da direban babbar motar, "Mu tafi. Ba mu bar kowa a nan ba." Mam ta juya fuska ga taga.

Shekara tara Lovina tana rubuta wasiƙa duk farkon wata. Ta ba da labarin haihuwar Tobias, da ta tagwaye, da ranar da aka taru mutum ɗari aka ɗaga musu sabon rumbu kafin faɗuwar rana, da yadda Arie ta fara makaranta. Gidanta ya cika da dariya, Enos bai taɓa yi mata gori ba ko da wasa. Amsa kuwa ko layi ɗaya ba ta zo ba.

Wata Alhamis da rana mai kawo wasiƙu ya ajiye kwali. A samansa akwai 'yar takarda da rubutun Dat: "Drusilla ta rasu. An binne ta ranar Litinin ta makon jiya. Ga kayanki." Hatimin gidan waya ya nuna sai da aka kwana uku da binnewa sannan ya aika. A cikin kwalin wasiƙunta ne, ɗari da takwas, ɗaure da igiya, duk a liƙe.

Lovina ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Ko ɗaya, Enos! Ko ɗaya ba ta buɗe ba! Ta mutu tana ƙina!"

Enos ya tsuguna ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Idon kafinta ne da shi, ya san gam. Ya kankare bakin ambulan da farce, wani farin abu ya zubo. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta goma.

"Lovina, da me kike liƙe wasiƙa?"

"Da gam ɗin jikinta mana."

"Wannan kwaɓin fulawa ne."

Ta karɓa ta buɗe. Takardar ta yi laushi don yawan naɗewa da warwarewa, har ta fara yagewa a tsakiya, ga tabon ɗigon ruwa a kan sunan Arie. Duka ɗari da takwas ɗin haka suke. Mam ta turara kowace a bakin buta ta buɗe, ta karanta har ta tsufa a hannunta, ta sake liƙewa don kada mijinta ya gane. Shekara tara tana haka, ba ta iya rubuta wa 'yarta ko kalma ɗaya ba.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma Lovina ta dafa nata, ta sami mijinta ta sami mutanenta. Amma 'yan mata, ku ji da kyau: haƙuri daban, tsoro daban. Lovina ta ce "na yarda" don tsoro sau ɗaya, ta biya da wata biyar. Mahaifiyarta kuwa ta yi ta cewa "na yarda" har ƙarshen ranta, ta tafi kabari ba ta ƙara ganin 'yarta ba.